Wata uku kacal: yadda haƙƙin wanda motar gwamnati ta kaɗe ke salwanta

A watan Agustan 2021 wata motar sintiri ta jami'an Kwastam ta kutsa cikin mutane a garin Jibiya na jihar Katsina, ta kashe mutane da dama, wasu suka jikkata. Mutanen gari suka ce masu fasa-ƙwaurin shinkafa aka biyo, hukumar kuma ta ce birki ne ya shanye. Gwamnan jihar na lokacin, Aminu Bello Masari, har ya yi barazanar kai hukumar kotu. An yi ta muhawara a kan wa ke da laifi, amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Tun daga ranar da mota irin wannan ta yi ɓarna, doka ta fara ƙirga wa waɗanda abin ya shafa kwanaki, kuma akasarinsu ba su san ana ƙirgawa ba.

Da yawa daga cikinmu mun tashi da jin cewa ba a shari'a da gwamnati. Maganar tana da asali. Turawan Ingila sun zo mana da wata tsohuwar ƙa'ida tasu da ke cewa sarki ba ya laifi, saboda haka ba a tuhumar gwamnati da ɓarnar da ma'aikacinta ya yi. Su da kansu sun yar da ita a 1947, mu muka ci gaba da riƙonta. Da sojoji suka ƙone gidan iyalan Ransome-Kuti, dangin mawaƙi Fela, a Legas a 1977, iyalan sun bi shari'a har Kotun Ƙoli, a 1985 kotun ta ce gwamnati ba za ta biya ba, domin abin ya faru ne lokacin da tsohuwar kariyar ke aiki. Kundin tsarin mulki na 1979 ne ya rushe wannan katangar, na 1999 kuma ya maimaita a sashe na 6 cewa kotuna na da ikon sauraron duk wata taƙaddama tsakanin ɗan ƙasa da gwamnati. Don haka yau mai sayar da ƙosai da motar ma'aikata ta banke a bakin titi tana da ikon kai ƙarar direban da wanda ya ɗauke shi aiki, ko ƙaramar hukuma ce, ko jiha, ko tarayya.

Abin da za ta tabbatar wa alƙali bai bambanta da na kowane haɗarin mota ba: direban ya yi sakaci, sakacin ne ya jawo raunin, kuma ga asarar da aka yi. Gudun wuce sa'a, bin hannun da ba nasa ba, hawa kan dakalin masu tafiya a ƙasa, fita da motar da birkinta ba shi da lafiya, duk sakaci ne. Cewa birki ya shanye ba ya wanke mai mota, sai ya nuna yana kula da ita yadda ya kamata. Jiniya ma roƙon hanya ce, ba ta ɗauke wa direba wajibcin lura da rayukan da ke gabansa. Wanda ya tuna yadda Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar ASUU, ya rasu kusa da Lokoja a watan Nuwamban 2013 yana kan hanyarsa ta zuwa Kano, bayan wata mota daga ayarin gwamnan Kogi ta yi karo da tasu, ya san abin da gudun ayarin manya ke jawowa. Shi yana cikin mota ma ke nan, balle wanda ba shi da komai tsakaninsa da ƙarfe sai rigarsa.

To ina gizo ke saƙar? Akwai wata doka da ake kira dokar kare jami'an gwamnati, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, har yau kuma tana cikin kundin dokokin tarayya, jihohi da dama ma suna da irinta. Sashenta na 2 ya ce duk wanda zai yi ƙarar wani a kan abin da ya aikata ko ya yi sakacinsa a bakin aikin gwamnati, dole ya shigar da ƙarar cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. Ya wuce haka ko da kwana ɗaya, kotu ba za ta ma saurari labarinsa ba. In motar ɗan kasuwa ce ta kaɗe ka a Legas ko Abuja kana da shekara uku. In ta gwamnati ce, wata uku. An kwaikwayo dokar ne daga wata ta Ingila ta 1893, wadda Ingila ta soke tun 1954. A 1998 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jihar Kaduna, ta ce kariyar ba ta tsaya kan ma'aikaci shi kaɗai ba, har hukumomin gwamnati su kansu ta rufe.

Mai karatu zai ce ai wanda ke kwance a asibiti yana da uzuri. Dokar ma ta yi maganar cutarwar da ke ci gaba, ta ce a irin wannan sai a fara ƙirge daga ranar da cutarwar ta tsaya. Kowa zai ɗauka mai jinya ake nufi, amma kotuna ba haka suka fassara ba. Tun a 1961, a shari'ar Obiefuna da Okoye, wani mai babur da motar 'yan sanda ta kaɗe ya yi jinya, ya fito ya shigar da ƙara bayan wata uku sun wuce. Kotu ta ce ci gaban cutarwa na nufin aikin da ya jawo raunin ne yake maimaituwa, ba ciwon da ya biyo baya ba. Mota sau ɗaya ta buge shi, saboda haka daga ranar ake ƙirgawa.

Wadda ta fi taɓa zuciya ita ce shari'ar Adigun da Ayinde, da Kotun Ƙoli ta yanke a 1993. Mutumin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, haɗarin ya same shi a motar ofis, direban ma'aikatarsu ke tuƙi. Ya daɗe yana jinya a Ibadan, aka wuce da shi Birtaniya, ya dawo rabin jikinsa na ƙasa a shanye. Da ya samu sukunin zuwa kotu, kusan shekara uku sun shuɗe. Alƙalan sun nuna tausayinsu a fili, amma suka ce hannunsu a ɗaure yake. Bai samu ko kwabo ba ta hanyar shari'ar. Ka lura da yadda abin yake: wanda ya ɗan ƙuje a gwiwa yana iya zuwa wurin lauya washegari, wanda ƙashin bayansa ya karye shi ne wa'adin ke cinyewa. Gwargwadon munin raunin, gwargwadon sauƙin da gwamnati ke samu ta kuɓuta.

Sai ka ɗora wannan a kan yadda muke rayuwa a ƙasar Hausa. Mota ta kashe magidanci. A yi jana'iza, a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Matarsa ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Kafin ta fita takaba, wa'adin da doka ta ba ta ya ƙare da fiye da wata guda. Wace mace ce za ta aika neman lauya tana cikin wannan halin? In ma ta yi, me dangin miji za su ce? A tsakanin nan kuma ga jami'ai sun zo ta'aziyya da buhun shinkafa da ɗan abin da ke cikin ambulan, suna cewa, “Hajiya, a yi haƙuri, ƙaddara ce ta riga fata. Oga ya ce za a duba lamarin yaran.” Wataƙila da zuciya ɗaya suka faɗa. Sai dai Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke cewa tattaunawar sulhu ba ta tsayar da ƙirgen wa'adi. Ranar da aka gaji da jin “takardar tana kan teburin oga” aka nufi kotu, abu na farko da lauyan gwamnati zai miƙe ya faɗa shi ne ƙarar ta makara.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne jiran shari'ar direba. In 'yan sanda sun gurfanar da shi a kan tuƙin ganganci, wannan shari'ar laifi ce tsakaninsa da hukuma, tana iya kai shekaru ana ɗage ta. Neman diyya ƙara ce daban da wanda aka cuta zai shigar da kansa, kuma wa'adinta ba ya jiran waccan.

Akwai wani tarko da ya kamata a fahimta sosai. Gwamnati na ɗaukar alhakin direbanta ne idan yana bakin aiki lokacin da abin ya faru, kuma a nan ne dokar wata uku ke aiki. Idan kuwa ya ɗauki motar ofis ranar Asabar ya tafi ɗaurin auren ƙaninsa ba da izini ba, kariyar wata uku ta faɗi, domin ba aikin gwamnati yake yi ba. Amma a lokacin ne kuma ma'aikatar za ta ce ba ruwanta, sha'anin gabansa ya tafi. Sai a bar ka da direban da albashinsa na shekara ba zai biya kuɗin aikin ƙafa ɗaya ba. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa takardar da ke nuna wa ya aiki motar, ina aka aike ta, da ƙarfe nawa, take da matuƙar daraja, kuma tana hannun wanda ake ƙara. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi irin wannan bayanin, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ko ba su amsa ba, kwafin wasiƙar da tambarin karɓa a jiki hujja ce a gaban alƙali.

Cikin wata ukun nan ma ba duka ne naka ba. Dokokin da suka kafa hukumomi da dama, da na ƙananan hukumomi a jihohi da yawa, sun wajabta a rubuta musu takardar sanarwa kafin a kai su kotu, galibi wata guda kafin shigar da ƙara. Wanda ya je wa lauya a mako na goma ya riga ya shiga tsaka mai wuya. Sannan sai an san sunan da za a rubuta a takardar ƙara, domin ba kowane ofis ne doka ta san shi a matsayin wanda ake iya ƙara ba, shi ya sa ake haɗawa da Antoni-Janar na jiha ko na tarayya, ko Sufeto-Janar da hukumar kula da aikin 'yan sanda in motarsu ce. Ga kuma tsohuwar jayayyar ko Babbar Kotun Jiha za a je ko ta Tarayya idan hukumar ta tarayya ce. Shari'o'i da yawa sun shafe shekaru a kan wannan kaɗai, ba a ko taɓo maganar ƙafar da aka yanke ba.

Ba a rasa ƙofofin fita ba, sai dai ƙanana ne. Kotuna sun ce dokar ba ta kare jami'in da ya yi amfani da muƙaminsa da mugun nufi ko ya fita daga hurumin aikinsa. Haka kuma ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun ce babu wa'adin da ke hana shigar da irin wannan ƙarar, don haka lauyoyi kan bi ta sashe na 33 na kundin tsarin mulki, mai kare haƙƙin rayuwa. Wannan hanyar ta fi ƙarfi inda aka bi mutane da gudu cikin kasuwa da gangan, ba a damu da wa za a taka ba. Inda haɗari ne na sakacin tuƙi zalla, alƙali na iya cewa an sa wa ƙarar rigar da ba tata ba, ya kore ta. Wanda ya dogara da waɗannan ƙofofin alhali yana da damar shigar da ƙara a kan lokaci, ya yi wa kansa ganganci.

Maganar hujja kuwa, a nan ne talaka ke yin asara tun a ranar farko. Jama'a sun taru, ana ihu, wasu na neman ƙone motar, babu wanda ya rubuta lambarta. Ƙone motar ma ɓarna ce biyu, an ƙone hujja, an kuma ba hukuma abin kama matasan unguwa. Abin da ke amfani shi ne lambar mota, hotonta a inda ta tsaya, lambar wayar mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu, da rahoton jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan sandan da suka auna wurin. Kuɗin magani kuma kotu ba ta karɓarsa da baki, sai da rasit. Wanda aka kai asibitin ƙashi na Dala a Kano zai fito da kati da hoton ƙashi da rahoton likita. Wanda aka kai wurin mai ɗori a ƙauye, saboda ya fi araha ko ya fi kusa, zai iya kashe kuɗi mai yawa ya fito ba shi da takarda ko ɗaya. Ko da ɗorin za a yi, a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto a rubuta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. In kuma lauyan gwamnati ya ce ai mutumin ne ya tsallaka titi alhali ga gada a kusa, wannan na iya rage diyya gwargwadon nasa sakacin, amma ba ya shafe ta gaba ɗaya.

Wasu na ganin neman diyya kamar rashin tawakkali ne. Ban yarda ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalan mamaci, sai in su ne suka yafe. Malamai sun ƙayyade ta da raƙuma 100 ko dinari 1,000, wasunsu kuma sun tafi a kan cewa kuskuren da shugaba ya yi a bakin aikin jama'a baitulmali ne ke biya. Dokar haɗarin da ya jawo mutuwa ta Jihar Arewa ta 1956, wadda jihohin arewa suka gada, ta san da wannan, domin ta ce iyalan Musulmin da ke da haƙƙin neman diyya su ne waɗanda shari'a ta ba rabo a cikinta. Yafiya alheri ce, amma ta mai haƙƙi ce. Baffan da ya miƙe a zaman makoki ya ce “mun yafe, mun bar wa Allah” ya yafe nasa ne in yana da rabo. Rabon marayu ba nasa ba ne da zai kyautar, kuma shi ne kuɗin makarantarsu da abincinsu na shekaru masu zuwa.

A ce an tsallake duk wannan, alƙali ya yanke a biya. Saura karɓa. Sashe na 84 na dokar da ta tsara yadda ake zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i sai da amincewar Antoni-Janar. Wato ofishin da ya tsaya yana kare ƙarar shi za a koma a roƙa ya yarda a cire kuɗin. Tun da aka tattara kuɗaɗen hukumomin tarayya a asusun bai-ɗaya na Babban Banki a 2015, jayayya a kan wannan sashen ta ƙaru. Ana haka shekaru na tafiya, naira na zubewa, adadin da alƙali ya yanke yana komawa abin da ba zai sayi keken guragu mai kyau ba. Inshora ma da za ta rage wahala, tsohuwar dokar inshorar motoci ta 1945 ta keɓe motocin gwamnati daga wajibcin yin ta, alhali mai ɗan tasi ana tare shi a hanya a tambaye shi takardarta. Wannan ya bar mutane shekaru da dama ba su da kamfanin da za su nufa, sai baitulmalin da ƙofarsa ke da wuyar buɗuwa.

Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiya ce ƙanƙanuwa, amma doka ta sha bamban. Nijar, da Kamaru da Chadi, suna cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar inshora ta CIMA a Yawunde a 1992. Kundin dokokin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar ya ce wanda ba direba ba, kamar mai tafiya a ƙasa, ana biyansa raunin jikinsa ba tare da an kafa masa hujja da nasa kuskuren ba, sai in shi ya jefa kansa da gangan. Gwamnati ba ta cikin waɗanda aka wajabta wa sayen inshora, amma an ɗauke ta tamkar kamfanin inshora, ita za ta gabatar wa wanda motarta ta kaɗe tayin diyya. Wa'adin ƙara a kundin shekara 5 ne. Tsarin yana da nasa aibin, domin an yi wa diyyar iyaka, an ɗaure lissafinta da mafi ƙarancin albashi, kuma abin da ke rubuce ba kullum ne ke faruwa a ofis ba. Duk da haka nauyin fara motsi yana kan mai mota, ba kan wanda ke kwance ba. A Amurka dokar 1946 ta ba mutum shekara 2 ya gabatar da buƙatarsa ga hukumar tarayya. Birnin New York na neman sanarwa cikin kwana 90, kusan irin namu, amma alƙali na da ikon ƙara lokaci ga yaro ko wanda ciwo ya kwantar. Wannan ikon ne alƙalanmu suka ce ba su da shi.

Hujjar masu kare dokar ita ce kada a bar ma'aikaci cikin fargabar ƙara shekara da shekaru, takardu su ɓace, shaidu su watse. Wannan na iya yin ma'ana ga jami'in da ya sa hannu a takardar canjin wurin aiki. Ban ga ma'anarsa ga direban tifar ma'aikatar ayyuka ba, wanda ke tuƙi a titi ɗaya da direban tifar ɗan kwangila, ƙafar da suka karya kuma iri ɗaya ce. Gyaran ba ya buƙatar taɓa kundin tsarin mulki. Majalisar jiha na iya cire raunin jiki da kisa daga ƙarƙashin tata dokar, wasu jihohin ma sun riga sun gyara tasu. Motocin Kwastam da na soja da na 'yan sanda kuwa sai Majalisar Tarayya ta taɓa dokar 1916.

Kafin a yi hakan, iyalan da abin ya sama su wakilta mutum ɗaya tun a makon farko, wanda ba shi ke jinya ba kuma ba shi ke karɓar gaisuwa ba, ya tattara takardu ya ga lauya. In babu kuɗin lauya, hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar diyyar haɗari, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a da ta kare haƙƙin ɗan'adam suna iya matsa wa ma'aikata lamba, amma kai musu kuka ba ya tsayar da wata ukun. A shigar da ƙarar tukuna, in ya so a ci gaba da zaman sulhu. In an daidaita, sai a kai yarjejeniyar gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu, da adadin kuɗin da ranar biya a rubuce.